Rabe-raben Masu Sanɗa a Wasan Metal Gear Solid V

Tun ranar 1 ga Satumba 2015 da kamfanin Konami na ƙasar Japan ya saki wasan bidiyon nan mai suna Metal Gear Solid V: The Phantom Pain, masu buga shi suke ta ja-in-ja a kan tambaya guda, wato shin daɗin wasa yana cikin abin da hannu ke yi ne ko yana cikin labarin da ake bayarwa. Wasan yana cikin jinsin da ake kira wasan sanɗa, inda ake so mutum ya shiga sansanin abokan gaba ya biya buƙatarsa ya fita ba tare da an gan shi ba, kuma an gina shi a buɗaɗɗen fili, ma'ana ba a shata wa ɗan wasa hanya ɗaya ba, sai dai a sauke shi daga jirgi mai saukar ungulu a tsaunukan Afganistan ko a kan iyakar Angola da Zayar na shekarar 1984, a bar shi da dabararsa. Abin da ya rura wutar gardamar shi ne cewa Hideo Kojima, wanda ya ƙirƙiro jerin wasannin Metal Gear tun 1987, ya yi suna wajen tsawaita labari, har ma Metal Gear Solid na huɗu da ya fito a 2008 ya rufe da guntayen fim da suka haura awa guda a jere, amma a wannan karon sai ya rage fim ɗin, ya zuba mafi yawan bayani a cikin kaset-kaset da ba dole ba ne a saurara. Wanda ya duba gardamar da kyau zai ga cewa ba wasan take aunawa ba, masu wasan take rarrabewa, domin kowane ɓangare halinsa yake karewa da sunan ra'ayi.

Na farko a cikinsu shi ne Mai Tsallake, wanda babban yatsansa ya san madannin tsallake fim fiye da yadda ya san sunan jarumin da yake sarrafawa. Aƙidarsa ita ce wanda ke son labari ya tafi sinima, kuma yakan faɗi haka da ƙarfin murya, ko da yake shi ne yake fara tambayar dalilin da ya sa mutumin da ya kwashe awa guda yana nema ya zama abokinsa. Wasan ya tanadar masa horo na musamman. Akwai lokacin da annoba take ɓarkewa a Mother Base, wato sansanin da ɗan wasa ke ginawa a tsakiyar teku, sojoji su yi ta mutuwa, kuma hanyar shawo kanta ita ce a gane cewa ƙwayar cutar tana kama masu jin wani yare ne, Kikongo, a bi sunayen ma'aikata ɗaya bayan ɗaya a killace su. Mai Tsallake bai ji ko ɗaya daga cikin alamun da aka bayar ba, don haka yakan zauna yana kallon rundunarsa tana raguwa, yana zargin cewa na'urarsa ce ta samu matsala.

Kishiyarsa shi ne Malamin Kaset. Wannan ya saurari kowane kaset, wasu sau biyu, ya san wanda ya ci amanar wa a 1964 da wanda ya rama a 1975, kuma idan aka yi kuskuren yi masa ƙaramar tambaya, sai ya gyara zama ya soma daga wasan farko. Abin mamaki game da shi shi ne ƙarancin wasan da yake yi, domin yakan kai jarumin cikin jirgi ya zaunar da shi, ya kunna kaset, ya ajiye na'urar sarrafawa a gefe ya ɗauko biro. Yana riƙe da ɓacin rai biyu da ba su warke ba: cewa an sauya David Hayter, wanda ya daɗe yana yin muryar jarumin, Snake, a Turanci, da Kiefer Sutherland, da kuma cewa sabuwar muryar ma ba a cika jin ta ba, har akwai wata doguwar tafiya a mota inda mugun labarin, Skull Face, yake ta zuba jawabi, jarumin kuwa ya zuba masa ido kawai. A wannan ƙorafin Malamin Kaset yana da gaskiya, kuma rashin sa'ar abokansa ita ce ya san yana da ita.

Sai Mai Tsarkin Sanɗa, wanda ya fi kowa wahala kuma ya fi kowa ganin kansa a sama. A wurinsa, idan soja ɗaya ya juyo ya ce wa ke nan, aikin ya ɓaci, sai a koma farko, ko da kuwa saura taku uku a isa jirgi. Yakan kwanta rub da ciki a kan dutse da madubin hangen nesa yana ƙirga masu gadi, yana lura da lokacin da suke sauya aiki, yana jiran guguwar yashi ta taso ta rufe masa sawu, ta yadda aikin da aka tsara a gama cikin minti ashirin yakan cinye masa yammaci guda. Ba ya kisa, bindigar sa barci kawai yake riƙewa, kuma tun ranar farko ya kashe tsarin nan da ke rage gudun lokaci idan an hango mutum, domin a ganinsa rangwame ne ga ragwaye. Sai dai wasan yana koyon halin mai buga shi: wanda ya cika harbin kai zai tarar sojoji sun sa hular kwano, wanda ya cika zuwa da dare zai tarar sun samu tabaran gani cikin duhu. Mafi munin cin fuska a gare shi shi ne hular kaza, wata hula mai siffar kan zakara da wasan ke tayin ta ga wanda ya faɗi sau da yawa, wadda ke sa abokan gaba su kau da kai amma ta hana samun makin S, mafi girman maki. Ba a taɓa jin Mai Tsarkin Sanɗa ya amsa cewa an yi masa tayinta ba.

Game da Mai Ruwan Wuta babu dogon bayani, domin shi ma ba ya dogon shiri. Yakan shiga da niyyar sanɗa, a gan shi a minti na biyu, ya kira jirgi ya yi luguden wuta, sannan ya bayyana cewa da ma haka ya tsara.

Wanda ya fi cancantar nazari shi ne Sarkin Balan-balan. Wasan yana da wata na'ura mai suna Fulton, wato balan-balan da ake ɗaura wa mutum ko kaya ya yi sama da shi, jirgi ya cafke ya kai sansani, kuma an samar da ita ne don ɗan wasa ya ɗebo ƙwararrun sojoji su koma yi masa aiki. Sarkin Balan-balan ya ɗauki wannan ƙaramar dama ya mayar da ita sana'a. Ya fara da sojoji, ya koma motoci da manyan bindigogi da kwantenoni, daga nan ya gangaro kan tumaki da awaki da jakunan dawa, har ta kai idan ya shiga ƙauye yakan bar shi kamar kasuwar da ta watse. Ana can ana sanar da shi ta rediyo cewa makomar duniya tana hannunsa, shi kuwa yana rarrafe cikin kwali yana bin wata tunkiya. Masu nazarin wasanni suna da suna ga irin wannan saɓani tsakanin abin da labari ke cewa da abin da hannu ke aikatawa, kuma Clint Hocking ne ya yi fice da bayaninsa a 2007 lokacin da yake sukar wasan BioShock, amma Sarkin Balan-balan bai taɓa jin wani saɓani ba, tunda a nasa lissafin labarin tunkiyar ne ainihin labarin.

Akwai kuma Mai Makoki, wanda har yau bai tashi daga zaman ta'aziyyar aiki na 51 ba, wato ɓangaren da ba a kammala ba, wanda aka nuna guntayensa a faifan da ya zo da bugu na musamman. Hujjojinsa ba na wasa ba ne: babi na biyu ya cika da tsofaffin ayyuka da aka maimaita da ƙarin wahala, kuma Kojima ya bar Konami a ƙarshen 2015. Matsalarsa ita ce ya buga wasan na ɗaruruwan awoyi kafin ya yanke hukuncin cewa bai ƙoshi ba. Kusa da shi Ɗan Kallo yake zama, wanda bai taɓa riƙe na'urar ba, ya ga komai a YouTube, kuma shi ne ya fi kowa zafin ra'ayi a kan yadda sarrafa wasan yake.

Wuri ɗaya ne duk waɗannan suke yin shiru tare, wato aiki na 43. Cutar takan dawo, a rufe ɗan wasa a sashen killacewa, a bar shi ya harbe sojojinsa da suka kamu da hannunsa, wasunsu suna sara masa yayin da yake ɗaga bindiga. Mai Tsallake ba shi da abin tsallakewa domin ba fim ba ne, Mai Tsarkin Sanɗa ba shi da hanyar kauce wa kisa, Malamin Kaset dole ya ajiye biro ya ɗauki na'ura, Sarkin Balan-balan kuwa shi ya fi kowa jin ta a jika, saboda mutanen da ke faɗuwa su ne waɗanda ya sha wahalar satowa ɗaya bayan ɗaya, kuma sunayensu suna fita daga rajistar sansaninsa da gaske. Idan aka auna da ma'aunin Malamin Kaset, labarin wasan ya zo da giɓi, babi na biyu kuma bai kai na farko ba. Amma aiki na 43 ya fi duk wani dogon fim da Kojima ya taɓa sakawa a wasa tasiri, kuma da yatsun ɗan wasa aka ba da shi.