Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Mita, Mai Zaman Zaure



Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, da koriyar fitila a goshi, ba ja ba. Ya zafin bango? Ya haƙuri da mu? Ni ne ɗan haya na ɗaki na huɗu, wanda yake tsayuwa gabanki da tsakar dare, da fitilar waya a baki, yana danna miki lambobi 20, in ya kuskure a ta goma sha tara ki ce ya koma farko. Na san kin gane ni.

Shekara uku ke nan muna gida ɗaya. A duk gidan nan ke kaɗai ce ba kya biyan haya, ba kya shiga layin shara, ba kya ba da kuɗin kwashe masai, amma a kanki ake taro duk ƙarshen wata. Shi ya sa na ga ya kamata mu yi magana, tunda Alhaji mai gida ya daina ɗaukar wayata.

Ba zan ɓoye alherinki ba. Kafin zuwanki bil na kiyasi muke sha. Takarda ce ake cusawa ta ƙasan ƙofa, ba ruwanta da ko an ga wuta ko ba a gani ba. Watan da tiransifomarmu ta ƙone muka yi sati uku muna fifita da kwali, haka bil ya zo da ƙibarsa. Mun ji a rediyo cewa a watan Fabrairun 2020 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ƙayyade abin da za a riƙa caji wanda ba shi da mita, amma a rediyon maganar ta tsaya, ba ta shigo lungunmu ba. To ranar da aka ɗaura ki a bangon zaure, Maman 'Yan Biyu har guɗa ta rangaɗa. Muka ce shi ke nan, abin da ka sha shi za ka biya. Ashe ganin kitse muke yi wa rogo.

Katin farko na naira dubu goma muka saya. Da aka danna, sai kika nuna yunit ɗin da bai fi na rabin kuɗin ba. Muka zaci idonmu ne, aka kirawo Malam Tela da gilashinsa. Daga baya aka fahimtar da mu cewa kin zo da goyo. Akwai tsohon bashi a kan gidan, an ɗora miki shi a baya, duk katin da aka saya sai kin fara yanke rabon bashi kafin ki ba mu saura. Wa ya ci bashin? Wani mai walda da ya zauna a shagon waje, wanda ya tashi tun ina aji uku a sakandare. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma duk wata ni nake biyan kuɗin ƙofofin da ya ƙera. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na shirya na tafi ofishin wuta. Na yi wanka, na sa hula, na riƙe hujjata, domin ita wannan hukuma ta NERC ta sha faɗa cewa bashin tsohon mai zama ba ya hawa kan sabon ɗan haya. Na zauna a benci tun hantsi. Da layi ya zo kaina, ma'aikacin ya duba kwamfuta, ya dube ni, ya kira wani suna. Na ce ba ni ba ne. Ya ce to kai wane ne a gidan? Na ce ɗan haya. Ya ce sai mai asusun ya zo da kansa, ko ya rubuto takarda da sa hannunsa. Hajiya, sunan da kike ɗauke da shi na mahaifin Alhaji ne, wanda ya rasu fiye da shekara ashirin, Allah ya jiƙansa. An yi NEPA tun 1972, ta koma PHCN a 2005, a 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11. Wuta ta canza suna sau biyu, asusun gidanmu bai canza ko sau ɗaya ba. Marigayi ne yake shan wuta a ɗaki tara, mu 'yan rakiya ne.

Da na koma wajen Alhaji da maganar sauya suna, sai ya gyara zaman babbar riga ya ce, “Malam, ɗaki na ba ka haya, ban ba ka gado ba.” Na kawo maganar bashi, ya ce shi a gidansa sola yake amfani da ita, ya fita daga harkar wuta tuntuni, mu da muke sha mu ya shafa. Na ce ai ba mu muka sha ba. Ya ce to shi ne ya sha? Aka kira la'asar, maganar ta mutu a nan.

Yanzu bari in zo kan babban ƙorafina, domin wancan duk share fage ne. Ke kin iya lissafi, wannan ba mai musu. Amma lissafinki irin na mugun shaida ne: kina faɗin nawa aka ci, ba kya faɗin wa ya ci. Ɗaki tara, shago biyu, ke ɗaya. Da can idan bil ya zo, haɗuwa muke yi mu tsine wa takarda baki ɗaya, har a kawo shayi. Abokin faɗanmu yana can nesa a ofis, ba mu san fuskarsa ba. Tunda kika zo, faɗan ya taso daga ofis ya tare a tsakar gida.

Sai da muka kafa kwamiti, kuma tsautsayi ya sa aka ba ni littafi. Muka ƙirƙiro tsarin maki: ƙwan fitila maki ɗaya, fanka biyu, talabijin biyu, firji biyar, dutsen guga biyar, hita kuwa haramun ce sai da izinin kwamiti. Ranar ƙidaya na ga abin mamaki. Gidan da kullum kaya suke fitowa a goge, har karin wando yana iya yanka albasa, babu dutsen guga ko ɗaya. Kowa da na gawayi yake amfani, wai. Amarya ta ɗaki na bakwai ta rantse firjinta na jere ne kawai, kwanuka take ajiyewa a ciki, alhali ina tsaye yana gurnani a bayanta. Malam Tela ya ce kekensa na ƙafa ne, injin da ke maƙale a jikinsa ado ne. Wani ɗalibi ya ce shi ba shi da komai sai caja, caja kuwa ai ba ta cin wuta. Da na ɗaga katifarsa na tarar da doguwar soket mai baki goma, ashe cajin waya yake yi wa 'yan unguwa, naira hamsin-hamsin. Ni kaina, tunda yau ranar gaskiya ce, akwai 'yar hita da nake sakawa a bokiti da asubar hunturu. Kin sani, na san kin sani, don ina jin yadda fitilarki take ƙifta ido da sauri. Na gode da rufin asiri, amma ki lura, ni minti goma nake yi.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ke kuwa ba kya ƙarewa da rana tsaka lokacin da kowa yake da kuɗi a aljihu. Sai ƙarfe biyun dare, a watan Afrilu, ranar da aka yi sa'a an kawo wuta, sannan za ki fara wannan kukan naki mai kama da na ɗan tsako. Kowa yana ji, kowa ya yi lamo kamar yana barci, ana jiran wanda zafi zai fara kora waje. Matata da Maman 'Yan Biyu, waɗanda da suke ba juna aron gishiri, yau wata biyar sai dai gaisuwar ido.

Kuɗin karo-karo kuwa hannun Alhaji suke zuwa, shi yake sayo kati, don ya ce yara ba su iya riƙon amana ba. Ƙaramin cikinmu yana da 'ya'ya biyu. Rasit ba mu taɓa gani ba. A watan Afrilun 2024, da aka ƙara wa 'yan rukunin A kuɗi zuwa naira 225 kowane yunit, washegari Alhaji ya aiko cewa kason kowa ya ninka. Rukunin A na masu samun wuta aƙalla awa 20 ne a rana. Layinmu na rukunin C ne, masu awa 12, su ma sha biyun sai an haɗa da na mafarki. Na yi masa wannan bayani da takarda da biro, ya ce shi bai san wani A da C ba, wuta dai wuta ce, kuma a rediyo ya ji.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne abin da na gani ranar Asabar. Mun yi shawara a asirce, kowa ya kashe komai na ɗakinsa, har cajar ɗalibi aka zare. Gida ya yi tsit. Muka taru a zaure muka zuba miki ido. Hajiya, kina ta ƙifta ido kamar an kunna injin niƙa. Muka kirawo wani yaro mai gyaran wuta, ya hau kujera ya bi waya da hannu. Akwai wata baƙar waya da ta fita ta bayanki, ta bi ƙarƙashin rufi, an shafe ta da farar ƙasa don ta saje da bango. Reshe ɗaya ya tafi injin burtsatsen Alhaji, wanda 'yan garuwa suke layi a kansa tun asuba, mu ma da kuɗinmu muke sayen jarka. Ɗaya reshen ya shiga shagon ɗansa, inda manyan firji biyu suke daskarar da ƙanƙara. Wato duk ƙanƙarar da na saya a azumin bana sau biyu na biya ta. Shekara uku muna zargin firjin amarya, baiwar Allah har kuka ta yi a gaban kwamiti, ke kuma kina kallo ba ki ce uffan ba. A Nuwamban 2024, da aka ce duk mitar da ba a sabunta ba za ta daina karɓar kati, ni na tsaya na danna miki lambobi 20 har sau biyu don kada ki mutu. Sakayyar ke nan?

Mun kai magana gaban mai unguwa. Alhaji ya ce shi bai san da wayar ba, aikin yara ne, kuma duk wanda zaman gidan bai yi masa ba, ƙofa a buɗe take, akwai masu jiran ɗaki. Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, shi ya sa kowa ya sunkuyar da kai.

Wani abokina ya ce in nemi tawa mitar ni kaɗai in huta. Na tambaya. An ce za a iya, in Alhaji ya yarda ya sa hannu, kuma wanda ya sayi mita da kuɗinsa ana mayar masa da su sannu a hankali a matsayin yunit. Sai dai ƙanwar taki da bangon za a ɗaura mata aure, ba da ni ba. Ranar da Alhaji ya ba ni notis, zan kwashe katifa da tukwane, ita kuwa ta zauna, da ita da sauran yunit ɗin da ake bina, su zama kayan gida, har dillali ya riƙa yi wa sabon ɗan haya talla: “ɗaki mai mitarsa”, a ƙara dubu ashirin a kan haya.

Don haka roƙona kaɗan ne. Idan har ba za ki iya kiran sunan mai ci ba, to ki sauya murya: kuka daban in wutar ta shiga ɗakunanmu, kuka daban in ta bi baƙar waya. In kin haɗu da mai walda a cikin lissafinki, ki gaishe shi, ki ce saura kaɗan mu gama biya masa. Kukan dare kuma, don Allah ki riƙa jinkirta shi zuwa bayan sallar asuba, ko kuwa ki riƙa yinsa a ƙofar Alhaji, tunda sunan gidansu kike amsawa.

Da na fito rubuta wannan takarda na duba goshinki, saura yunit 3.2, kuma ina jin injin burtsatse ya tashi. Wannan karon ba ni zan fita ba.

Naki cikin haƙuri,
Ɗan haya na ɗaki na huɗu,
Ma'ajin littafin maki, mai jiran a karɓi murabus ɗinsa.