Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Amfilifaya, Mazauniyar But Ɗin Mota

Ana sanar da Hajiya cewa ƙararta ta yi yawa a wurin masu motoci: wai takan yi gum ba gaira ba dalili. Kafin a kwance ta, ga yadda za a bi bahasi.

Wayoyi uku ne ke ciyar da Hajiya: mai alamar +12V daga batir, GND da ake ɗaurewa a ƙarfen mota, da siririyar REM wadda rediyo ke tashe ta da ita. Za a fara da batir. Lafiyayye yakan nuna volt 12.6 a mita idan mota na kashe, da wajen 14 idan inji na aiki. Sai a auna a bakin Hajiya. In babu wuta a can, a duba fis ɗin da ke kusa da batir, wanda bai kamata ya wuce santimita 45 daga gare shi ba. In akwai wuta amma fitilarta ba ta kama ba, a kunna rediyo a auna REM, domin Hajiya ba ta tashi sai an aiko mata volt 12 ta nan.

GND ce ta fi jawo mata baƙin jini. Notin da aka ɗaure kan fenti ko tsatsa yakan sa ta riƙa ɗaukewa ko gunji. Sai a kankare wurin har ƙarfe ya fito, a gajarta wayar, a matse.

Jar fitilar kariya kuwa alama ce ta zafi, ko ƙarancin wuta, ko wayoyin sifika da suka haɗu. Idan fitilun mota na dusashewa duk lokacin da kiɗa ya buga, cin Hajiya ya fi ƙarfin altaneta.

Laifi ba ya tabbata a kanta sai an cire sifikoki, an sa sabon fis daidai da na da, ya kuma ƙone nan take. A nan ne za a kai ta wurin mai gyara. Wanda ya naɗe fis da waya don ta yi magana dole, ya tanadi abin kashe gobara.

Wassalam,
Masu motocin da shiru ya isa