Ajiyar Ɗan Gari

A wani ƙauye da ke bayan kasuwar Dawanau, inda gona ke jingine da gona har babu wurin ɗaure akuya, an yi wani mutum da kowa ke kira Ba'adare. Yana da suna, liman ma ya san shi, amma an ga kamar kiransa da sunan ɓata yawu ne.

Daga wajen Tawa ya taso, cikin yunwar nan ta 1984 da mutanen Nijar suka laƙaba wa suna El-Buhari saboda rufe iyaka da aka yi a lokacin. Ta daji ya shigo, da buta da bargo. Ya tarar da kasuwar hatsi ta fara kafuwa a bakin hanyar Katsina, ya sa gammo ya shiga dako. Daga dako ya koma ɗinkin buhu, daga nan dillanci, yana cin la'ada a kan wake da gero. Ranar da Indiyawa da 'yan Sin suka fara neman riɗi da zoɓo da gaske, don kaiwa Japan da Turkiyya da Meziko, sai aka tarar Ba'adare ya riga ya san wace kasuwar ƙauye ce riɗinta ba yashi. Ya kama sito, ya sayi sikeli, ya je Makka.

Kada a ɗauka waliyyi ne. Da kaka yake saye, lokacin da manomi ke neman kuɗin biki ido rufe, kuma bashin takin da yake bayarwa da damina, buhu ake biya ba kuɗi ba. Ɗan kasuwa ne, ribarsa yake nema. Sai dai rijiyar burtsatsen da ke bakin masallaci shi ya haƙa, matan da ke bakace da tsintar riɗi a sitonsa duk na ƙauyen ne, kuma ba a taɓa yin jana'iza aka rasa likkafani ba.

A ƙauyen akwai wani dattijo mai majalisa a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Kowace la'asar ana shimfiɗa tabarma, a dafa shayi, a sauke duniya a sake ɗora ta. Kakan kakansa, in ji shi, da shi aka sari garin. 'Yar dattijon nan ce babban ɗan Ba'adare ya nema. Yaron a nan aka yanke masa cibiya, a nan ya sauke Alƙur'ani, Kananci yake yi tsantsa. Da manya suka je neman iri, dattijo ya karɓe su da fara'a, ya ce a ba shi lokaci. Bayan sun fita ya dubi ƙaninsa ya ce, "Mutumin kirki ne, ban ce ba. To amma wa ya san asalinsu? Baƙo raɓa ne, gobe ya kwashe mana yarinya ya tsallaka."

Raɓar nan ta kusa shekara arba'in ba ta bushe ba, amma ba wanda ya tanka.

Liman ne kawai, tsoho mai son tarihi, ya taɓa gyara murya a majalisar. Ya ce shi dai ya ji Wangarawa daga Mali suka zo zamanin Sarki Yaji, su suka tsayar da salla a Kano. Ya ce Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, Ba'agale ne, kakanninsa daga arewa suka gangaro, shi kansa ya yi zaman baƙunta a ƙasar Gwanja yana fataucin goro kafin gyaɗa ta ɗaga shi. Ya ƙara da cewa a 1969, da Gana ta kori baƙi, Hausawan zango nawa ne suka dawo da tabarma kawai, suna kukan an ci amanarsu. Dattijo ya ce, "Allah gafarta Malam, ai wannan daban." Aka zuba shayi na biyu.

Sai ga 2023. A watan Mayu aka janye tallafin mai, kuɗin mota ya haukace. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai, aka rufe iyaka. Kafin azumin 2024 kwanon masara ya fi ƙarfin mai iyali, gidaje da dama sun koma cin abinci sau ɗaya. A watan Fabrairu hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta garƙame wasu sito-sito a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Labari ya cika rediyo, ya iso gindin darbejiya da zafinsa.

Ranar dattijo ya yi bakin da bai taɓa yi ba. Ya ce su waye ke ɓoye abincin in ba baƙi ba? Sun zo da buta, sun tara dukiya da guminmu, yanzu suna jibge hatsi suna jiran talaka ya mutu. Ya ce da shi ke da iko, da an buɗe sito na wani mutum, ba zai faɗi suna ba, a raba wa 'yan gari. Samari suka ce ƙwarai, Baba. Wani ya ce ai dare ma ya isa a yi aikin.

Maganar majalisa ba ta kwana a tabarma. Kafin isha'i ta isa kunnen Ba'adare, yana zaune a kan buhun zoɓo yana lissafi. Ya daɗe yana kallon littafinsa. Sannan ya ce da ɗansa, "Gobe ka samo mini kura biyu da 'yan dako."

Washegari, an idar da la'asar ke nan, majalisa ta cika, sai ga kuraye biyu ana turowa, kowace an ɗora mata masara har tayoyi na kuka. Suka tsaya daidai gindin darbejiya. 'Yan dako suka fara saukewa suna jerawa a jikin katanga, suka koma suka sake ɗebowa. A jikin kowane buhu an rubuta suna da jan fenti, manya-manyan baƙaƙe, yadda ko ɗan aji biyu zai karanta. Sunan mai majalisa ne.

Ɗan Ba'adare ya cire takalmi, ya durƙusa a gefen tabarma.

"Baba, barka da yamma. Alhaji ya ce a gaishe ka. Ya ce ga ajiyarka da ka kai tun watan kaka, wadda ka ce kada a taɓa sai farashi ya nuna. Ya ce yanzu ana binciken sito, shi kuma baƙo ne, yana tsoron a same shi da kayan ɗan gari."

Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Samarin jiya suka shiga ƙirga buhu da ido, leɓɓansu na motsi. Wata tsohuwa da ta zo wucewa da ƙwarya, wadda shekaranjiya ta roƙi dattijo aron tiya guda ya rantse mata rumbunsa ƙasa ce kawai, ta tsaya ta karkata kai tana kallo. Liman ya sunkuya yana neman takalminsa, ko da yake magariba da saura.

Dattijo ya ce, "Ai... wannan na iyali ne. Na ci ne."

"Haka ne, Baba," in ji yaron. "Alhaji ya ce kuɗin ajiya da na maganin ƙwari ya yafe. Ya ce in Allah ya kai mu damina, taki yana nan kamar kullum."

Ya ciro littafi daga aljihu, ya buɗe shafin, ya miƙa biro da hannu biyu.

"Sai dai a sa mana hannu a nan, shaidar an karɓa cif."