Barbarci Cikin Lallashi

Masu koyar da harshe na zamani sun ce kada a tsawata wa ɗalibi, a lallaɓa shi, a saurari zuciyarsa. Maiduguri ta riga su.

Bakano ya zo koyon Barbarci. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana koyarwa, amma ya zaɓi Monday Market, kasuwar Litinin da ke ci har Asabar. Ya tsaya gaban mai turaren wuta, ya yi gyaran murya, ya saki "wushe".

Baiwar Allah ta tausaya masa. "Sannu ɗana, na nawa za a ba ka?"

Mai hula zanna ma haka. Bakanon ya daɗe a garin, ba a taɓa yi masa gyara ba. Hausarsa ce dai ta fara komawa ta Barebari.