Hula Biyu a Dajin Falgore

Masu koyar da hoton dabbobi sun ce sirrin a ido yake: ka durƙusa daidai tsayin dabbar, ka jira ta kalle ka, a nan halinta ke fitowa. Da wannan karatun na roƙi direba ya tsaya a dajin Falgore, bayan mun baro Kwanar Dangora da Tudun Wada a titin Jos, inda gwaggon birai ke zaman bakin kwalta suna jiran abin da matafiya za su jefo.

Na zaɓi babbansu, wanda ya hakimce kamar dagaci na sauraron ƙara. Na durƙusa, na kafe shi da ido, har da murmushi don ya saki jiki. Ashe a wurin biri kafe ido takalar faɗa ce.

Ta cikin kyamara na ga fuskarsa tana ƙara girma. Na ce madalla, ga hali! Sai na ji iska ta bugi tsakiyar kaina. Hular zannata, ta ɗaurin aurena, tana hannunsa.

Da ma gudu ya yi. Ja da baya kawai ya yi ya zauna, ya juya hular, ya leƙa cikinta, ya shinshina, sannan ya yamutsa fuska. Jama'a, ya yamutsa fuska! Ni ga ni durƙushe, sanƙona yana ƙyalli, fasinja sun leƙo ta taga, biri kuma yana shaida wa duniya abin da hancinsa ya jiyo. Ya sake shinshinawa don ya tabbatar.

Wani dattijo da zai sauka a Riruwai ya fito da carbi a hannu.

"Yaro, biri ɗan kwaikwayo ne. Cire hularka ka yar, shi ma zai yar."

"Baba, ai ita ce a hannunsa."

"To ari ta direba."

Direba ya miƙo yana ƙunƙuni. Na ɗora, na cire, na yi jifa da ita da ƙarfi don darasin ya shiga. Gogan naka ya dubi hular, ya dube ni, ya tako a natse ya ɗauka, ya haɗa biyun ya gangara wajen Kogin Kano.

Dattijon ya ja carbi, ya girgiza kai.

"Da hagu ka jefa ko da dama?"