Akori-kurar da ke tofar da fetur

Tsohuwar akori-kura Peugeot 504 tana da halin surukar da aka ɓata wa rai: ana ɗura mata fetur sai ta tofo shi, famfo ya yi ta tsayawa. Direba ya rantse yaron gidan mai ne ke cutarsa. Bakanike kuwa ƙasa yake leƙawa. Akwai siririn tiyo mai fitar da iska daga tanki. In ya lanƙwashe, ko zanzaro ya gina ɗaki a ciki ba haya, iska ba ta fita, mai ba ya shiga. In kuma ana jin warin fetur, galibi daga tsagaggen tiyon wuyan tanki ne, ko busasshiyar robar murfi. Kada dai a nemi wurin yoyon da ashana, ko da yaron gareji ya ce ya saba.