Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Alhaji Bulo

Ranka ya daɗe,

Da fatan siminti bai yi maka tsada ba. Duk wanda ya shiga mota a tashar Sofoline ta Kumasi ya nufi Abuakwa ya san babu manomin da ya kai ka a ƙasar Asante. Filayen rogo, gwaza da agade na Tanoso da Apatrapa yanzu kai ne ka tsiro a cikinsu, ba ka neman taki, ba ka jiran damina.

Za ka ce ba laifinka ba ne, jama'a ce ta ƙaru. Gaskiya ne: ƙidayar 2000 ta sami kusan mutum miliyan 1.2 a Kumasi, ta 2010 ta haura miliyan 2, kuma kowa na buƙatar wurin kwana. Sai dai mai noman gonar ba shi ne mai sayar da ita ba. Galibin filayen Asante amanar jama'a ce a hannun sarakuna. Ranar da mai awo ya kafa turaku, kuɗin fuloti ya wuce fada, manomi kuwa in ya yi sa'a a biya shi kuɗin shukar da aka sare. Sau da yawa ma mai fuloti layi uku zai jera ka don kada wani ya ƙwace, ya tafi ya bar ka shekaru, ba gida ba gona. Gonakin da ba ka kai gare su ba tukuna, masu tifa sun riga ka, sun kankare ƙasar don yashin da za a buga 'yan'uwanka.

Za ka kuma ce abinci yana zuwa a mota. To, tambayi 'yan albasa na Kwadaso yadda buhu ya tashi a 2023, da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulki. Garin da ya cinye gonakinsa, direba da jami'in kwastan ne ke yanke masa kuɗin cefane.

Ba korarka muke yi ba, Alhaji. Ka riƙa hawa sama, bene a kan bene, ka bar fadamu da kewayen madatsar ruwa ta Owabi, kuma a biya manomi kafin a sauke ka. Kwalejin aikin gona ta Kwadaso tana horar da ɗalibai tun 1922. Ka rage musu inda za su yi aiki, kafin su koma masu ɗaukarka a ka.

Naka mai biyayya,
Wani mai haya a Zango